Gumin Dattijo

Na daɗe ina jin abin da kuke faɗa wa 'ya'yanku game da yayanku Dattijo, wai likitoci ne suka shafa masa baƙin magani a baya, suka yi gwaji da shi, bai daɗe ba ya rasu. Ke Zulai da kunnena na ji ki kina ba da labarin har da rantsuwa, ke da a lokacin ko wayo ba ki gama yi ba. Ban ga laifinku ba, haka aka faɗa muku, ni kuma na yi shiru don waɗanda abin ya shafa suna da rai. Yanzu Malam ya tafi, Inna ta riga shi da daɗewa, saura ni, kuma ba na so in bi su da maganar nan a cikina. Likitocin nan ba su kashe kowa ba. Ku bar ni in faɗa muku yadda aka yi, kada wadda ta katse ni.

Shi ne ɗana na fari, aka sa masa sunan mahaifin Malam, don haka kunya biyu ta hau kaina, har yau bakina bai taɓa kama sunansa ba. Ku 'yan yanzu da kuke rungume ɗan fari a gaban surukai kuna masa waƙa ba za ku gane ba. A zamaninmu ɗan fari ba na uwa ba ne. Ana yaye shi Inna, uwar Malam, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, ita ce mai ci da shi, ita ce mai faɗa a kansa, ni kuwa ko kuka yake yi sai dai in kau da kai in ci gaba da tankaɗe. Yaya yake ce mini, kamar yadda ya ji ƙannen Malam suna faɗa. Ita Inna ba ta kiransa da komai sai Maigidana, kullum suna cikin tsokanar juna, ta ce ya kawo cefane, ya ce shi ba ya auren tsohuwa. Sunan Dattijo kuwa mutanen unguwa ne suka laƙaba masa saboda kamanninsa. Gashin kansa tsilli-tsilli ne, ba shi da gira, haƙoransa 'yan kaɗan masu tsini, fatar idonsa a yamutse. Aka yi ta cewa ai kakansa ne ya dawo, ana dariya.

Abin da ba na dariya ba shi ne jikinsa. Fatarsa a bushe take kullum, tana tsagewa a bayan gwiwa da maƙogwaro da lanƙwasar hannu, ga ƙaiƙayin da ba ya barinsa ya huta. Yakan goga bayansa da bango har sai jar ƙasa ta haɗu da jini. Wasu su ce borin jini ne, wasu su ce ƙyasbi, wasu su ce na tsallake wani abu da cikinsa. Mun shafa man kaɗanya, mun shafa man shanu, mun jiƙa saiwar da ban san sunanta ba, an kawo rubutu daga wurin wani malami a garin Gwiwa an wanke masa. Da sanyi yakan samu sauƙi, har ya fita wasa. Amma bazara na shigowa sai ya zama wani yaro dabam. Ba ya iya tsayuwa a rana, fuskarsa ta yi ja, numfashinsa ya dawo sama-sama, ya ruga gindin randuna ya kwanta a kan yashin nan mai laima, ya manna cikinsa a ƙasa. In an yi sakaci sai ya ɗebi moɗa ya kwarara a kansa da riga da komai. Inna ta yi faɗa ta gaji, ita a wurinta kwanciyar laimar nan ce take sa masa sanyi, sanyin kuma shi ke fito masa da ƙaiƙayi. Ni na lura da wani abu tun yana goye, ban dai san abu ne ba: na goya 'ya'ya da yawa, nawa da na mutane, kowanne in ka sauke shi za ka tarar da zanen goyon a jiƙe ta wajensa, ban da shi.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda aka daina fam da sule aka koma naira. Damina ta yi gardama, dabbobi suna mutuwa a arewa da mu, a birni kuma ana ta cewa kuɗin mai ya zo, ana gine-gine. Mu a Kazaure abin da ya iso mana daga arzikin nan bai wuce sababbin motoci a hanya da baƙin fuskoki a asibiti ba. Dattijo yana da kamar shekara takwas, ni kuma ina da tsohon cikinki, Hauwa. Ana ƙarshen sanyi mai shela ya zaga gari yana cewa likitocin fata sun zo daga babban asibitin koyarwa na kudu da mu, duk mai ƙaiƙayi ko ƙuraje ko gumin da ya fi ƙima ya je a duba shi. Malam ya ce mu je, ni da Inna da yaron.

Wanda ya duba mu matashi ne siriri, Babarbare, Hausarsa tana ɗan karkacewa, amma yana da ladabi. Ya daɗe yana kallon Dattijo, ya duba bakinsa, ya shafa kansa, sannan ya tambaye ni ko na taɓa ganin gumi a jikinsa. A gaban Inna ba ni da bakin amsa tambaya a kan ɗan fari, sai na sunkuyar da kai. Ita ta amsa, ta ce wa yake zama yana lissafin gumin yaro? Likitan ya ce a cire masa riga. Ya shafa masa aidin a baya, wannan jan maganin da ake sa wa ciwo, ya bari ya bushe, ya barbaɗa garin sitaci a kai, irin wanda ake sa wa kaya. Ya roƙe ni ya yi mini haka a damtse, ya yi wa Inna ma, tana mita. Sannan ya zaunar da mu a baranda inda rana take taɓawa, ya ce duk inda gumi ya tsattsafo garin zai yi baƙi. Ba a jima ba hannun Inna ya yi baƙi ƙirin. Nawa ya yi dabbare-dabbare, nan baƙi nan fari. Bayan Dattijo kuwa yana nan fari fat kamar yadda aka barbaɗa, ga shi har ya fara haki. Likitan da kansa ya ɗauke shi ya mai da shi inuwa, ya jiƙa tsumma yana goga masa. Wannan shi ne baƙin maganin da kuke faɗa, kuma a jikinsa ma bai yi baƙin ba.

Ya ce, "Inna, jikin mutum yana da ƙananan ƙofofi da gumi yake fita, da su jiki yake hucewa. Jikanki ba shi da su. Shi ya sa fatarsa take bushewa tana masa ƙaiƙayi, shi ya sa yake bin laima. Dabara ce yake yi wa kansa, a daina hana shi."

Inna ta ce, "To, sun toshe ke nan."

"Ba toshewa suka yi ba, Inna. Babu su ne tun asali."

"Kai ɗan nan, ji tsoron Allah. Allah ya taɓa gina ɗaki ya manta ƙofa?"

Ya yi murmushi bai ja da ita ba. Ya ce in zafi ya zo a riƙa jiƙa masa riga, in kuma zazzaɓi ya kama shi kada a lulluɓe shi ko da mayafi, a kwarara masa ruwan sanyi a kawo shi asibiti da gudu. Inna ta riƙe haɓa, ta ce zazzaɓi da ruwan sanyi, anya shi ma uwa ce ta raine shi? Ya juyo ya tambaye ni ko ina da 'yan'uwa maza. Na ce an haifi biyu a garinmu Roni kafin ni, duk sun koma suna jarirai, kuma tsohuwata ta ce dukansu da bazara ne. Ya jinjina kai, ya ce irin wannan ta jinin uwa yake bi, mata su ɗauka ba su sani ba, ya bayyana a kan 'ya'yansu maza. Ku riƙe wannan da kyau, ku uku, ku gaya wa 'ya'yanku mata. Na tambaye shi magani, a karo na farko na buɗe baki a kan ɗana a gaban surukata. Ya ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, ba mu da shi. Bincike muke yi, ko Allah zai sa a samu wata rana."

Kafin su bar gari ya zo har zaurenmu ya sami Malam, mu kuma muna laɓe a bayan ƙofa. Ya ce a ba shi yaron ya tafi da shi asibitinsu ya yi bazara a can. Akwai ɗaki mai injin sanyi, za a ci da shi, za a yi masa maganin ƙaiƙayin, su kuma su ɗan yanki fatarsa kamar ƙwayar gero su duba, su auna abin da za su auna. Damina na sauka za a dawo da shi. Ya ce bazarar bana za ta yi tsanani, kuma yana jin tsoro. Malam ya tambaye shi ko a ɓangaren da za a kwantar da shi akwai kutare. Likitan bai ɓoye ba, ya ce sashen fata ɗaya ne, suna zuwa, amma ɗakinsu dabam, kuma ciwon yaron ba shi da haɗi da kuturta ko kaɗan. Malam ya yi masa godiya ya ce zai yi shawara.

Shawarar a tsakar gida aka yi ta, kuma ba ta daɗe ba. Inna ta ce su da bakinsu sun ce ba su da magani, to yankan na mene ne? Ta ce ba mai raba ta da mijinta a kai shi inda ba ta san me ake ba shi ba. Ni kuwa sai da Malam ya shigo ɗakina da hantsi zai fita kasuwa na tare ƙofa. Na ajiye kunya na ce masa, Malam, ka bar shi ya tafi, wallahi jikina yana ba ni ba zai ƙetare zafin nan ba. Bai yi mini tsawa ba, da ma ba mai tsawa ba ne. Ya zauna a bakin gado ya ce:

"Habi, ni mahauci ne. Ranar da aka ji ɗana yana asibitin kutare, wa zai ƙara sayen nama a hannuna? Bar ta nama ma. Ki dubi Zulai da Rabi, da wanda ke cikinki. A garin nan ba a manta irin wannan. Ko bayan shekara ashirin ne aka zo neman aurensu, sai wata tsohuwa ta tuna cewa gidan nan an taɓa kai ɗa wurin kutare. In jefa su duka don bazara ɗaya? Bazara nawa ya ƙetare a baya?"

Ba ƙarya ya faɗa ba. Na san gidaje biyu a unguwarmu da 'yan matansu suka tsufa a ɗaki saboda ƙasa da wannan. Kuna cewa ubanku mai taurin kai ne, ba ya son asibiti. Ba haka ba ne, ku ya duba. Na ji haushinsa shekaru masu yawa, na kuma ga kowaccenku ta shiga ɗakinta da mutunci, har yau ban san yadda zan haɗa biyun nan a zuciya ɗaya ba. Ya aika wa likitan cewa an gode, ba za a samu ba.

Bazarar ta zo kamar yadda aka faɗa. Rijiyoyi suka ja baya, ruwa ya zama abin tattali, ni kuma na riƙa rage na wankana ina ɓoye wa Dattijo. In Inna ta shiga salla sai in yafuto shi bayan ɗaki in tsoma rigarsa in mayar masa. Yakan lumshe ido ya ce, "Yaya, ƙara kaɗan a ƙeya." A tsakiyar zafin nan na haife ki, Hauwa, na shiga jego. Kun dai san jegon da, ba irin naku na shayi da kwanciya ba. Safe da yamma a tafasa ruwa a tukunya a fyaɗa maka da ganye, a hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa, a ɗura maka kunun kanwa mai zafi. Ɗakina ya zama wurin da Dattijo ba zai iya ko leƙowa ba. Ina kwance gumi yana bin jikina har tabarma ta jiƙe, ina hango ɗana ta ƙofa yana manne da randa, ina cewa ina ma ana ba da aro.

Ba a daɗe da suna ba zazzaɓi ya kama shi. Ranar kasuwar Babura ce, Malam ya tafi sayen dabbobi tun da safe. Na ji Inna tana cewa jikin Maigidanta ya yi zafi, na fito ina dafa bango na taɓa shi, hannuna ya kasa daɗewa a goshinsa. Na ce, Inna, don Allah a zuba masa ruwa, a nemi mai keke a kai shi asibiti. Ta ce, "Koma ɗaki, mai jego ba ta tsayuwa a iska. Na raini ubansa, na raini baffanninsa, ba yau na fara ganin zazzaɓi ba." Na jiƙa ɗankwalina na ɗora masa a ƙirji, na ce wa Zulai ta ruga ta kira ƙanen Malam a mahauta. Ana cikin haka ungozoma ta iso, ta ce ruwa ya tafasa, ta ja ni bayan gida wankan la'asar. Na bi ta don ina ganin kafin in fito an zo an ɗauke shi.

Abin da ban sani ba shi ne Inna ta daɗe da shirinta. Tun ranar asibiti maganar ƙofofin nan ta zauna mata, kuma ita a saninta duk abin da ya toshe a jiki sirace ne yake buɗe shi. Kowa a ƙasar nan ya san zazzaɓi da gumi yake fita, ana lulluɓe mutum ne har ya jiƙe sannan a ce ya samu kansa. Ta ga dama ta samu ta yi maganin abu biyu a lokaci ɗaya. Ta ɗebi tafasasshen ruwa daga tukunyar jegona a ƙwarya, ta zuba ganyen darbejiya da tazargade, ta kai ɗakinta, ta zaunar da shi a gaban ƙwaryar, ta rufa masa bargon Malam da gwadonta, ta danne gefe da gefe. Rabi ce ta gaya mini daga baya da bakinta na yara, wai Dattijo yana cewa, "Inna, buɗe ni," Inna tana cewa, "Yi haƙuri Maigidana, yanzu zai zo, da ya zo ka warke har abada." Tana jiran gumi ne ta buɗe.

Ina ɗaura zane na ji muryarta, kuma ba kuka take yi ba, guɗa ce ta kusa yi.

"Habi! Habi, fito ki gani! Ya yi gumi! Wallahi ya yi gumi!"

Na shiga na same shi a cinyarta, jikinsa sharkaf, ruwa yana ɗiga daga haɓarsa, tana shafawa tana nuna mini tafin hannunta tana dariya. Idanunsa a buɗe suke amma ba ni yake kallo ba, ƙafafunsa suna karkarwa. Na fizge shi na yi gindin randuna da shi, na tuntsurar da randa guda a kansa, na tuntsurar da ta biyu. Ƙanen Malam ya iso da mai keke, ya saɓa shi a kafaɗa suka fita. Ba su kai asibiti ba suka juyo.

A zaman makoki ne wata maƙwabciya ta ce ai tun da likitocin nan suka shafa masa abu a baya yaron bai ƙara lafiya ba. Wata ta karɓa, kafin sadakar uku magana ta zama gaskiyar gari. Malam ya san abin da ya faru, na faɗa masa komai, amma bai ƙaryata ba, don in ya ƙaryata sai an tambayi to mene ne, kuma amsar uwarsa ce. Da damina ta sauka likitan ya dawo ya yi sallama a zaure yana tambayar abokinsa Dattijo. Samarin unguwa suka taru za su taɓa shi, Malam ya fito ya raka shi har bakin mota, hannunsa a cikin nasa. Daga shekarar nan bai ƙara taka kasuwar Babura ba, ƙanensa yake aikawa. Ni kuma na daina shiga ɗakin Inna. Ina dafa mata, ina gaishe ta daga ƙofa, ina wanke mata kaya, amma na yi shekaru ban haɗa ido da ita ba. Ba ta ƙara tsokanar wani jika ba, ku shaida ne, kun tashi kuna cewa kakarku ba ta da fara'a.

Da ciwon ajalinta ya zo, ni ce dai mai jinya, don ba wata. Wata rana da hantsi ina juya ta ina shafa mata mai a baya, ta riƙe mini wuyan hannu da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Ta daɗe ba ta gane mutane sosai, amma ranar ta kira sunana daidai.

"Habi, ke kin gani da idonki. Ya yi gumin nan, ko? Lokacinsa ne kawai ya yi, amma ya yi gumin?"

Na dubi tsohuwar nan da ta ɗauke mini ɗa tun yana tatata, wadda ba ta taɓa cin nama ba tare da ta ɓoye masa rabi ba. Na san tururin ƙwarya ne ya kwanta masa a fata, na san shi tun a ranar, don na lasa a leɓena lokacin da na rungume shi, ɗacin darbejiya ne babu gishiri ko kaɗan. Tana ta kallon bakina.

Na ce, "Ya yi, Inna. Na gani."

Ta saki hannuna, ta ce alhamdu lillahi, ta juya fuskarta bango.